Iska na Wahalar da Mai Kayan Kara: Ginawa da Zaɓen Jirgin Shawagi na Rimot

Hausawa suka ce iska na wahalar da mai kayan kara, kuma babu inda maganar nan ta fi zama daram kamar a goshin tudu, ranar da sabon shiga ya zo da jirginsa na farko. Jirgin na balsa ne, wani katako marar nauyi, faɗin fikafikansa mita 2, an lulluɓe shi da leda mai sheƙi, nauyinsa duka bai kai na fiya-wata leda biyu ba. Makonni ya yi yana gogewa yana rage ko'ina, domin an gaya masa jirgin da ba shi da inji sai ya yi shafal yake daɗewa a sama. Ya ɗaga shi bisa kansa, iska na kaɗa masa riga, ya wurga. Jirgin ya yi sama kamar an fizge shi da igiya, ya tsaya cak hancinsa na fuskantar iska, can sai ya fara ja da baya a hankali. Kafin mai shi ya ankara ya wuce ta kansa, ya faɗa bayan tudun, iska ta juya shi sau biyu ta maka shi da ƙasa. A gefe guda kuwa ga wani dattijo a durƙushe, yana ta cusa guntayen tagulla a cikin nasa jirgin, kamar mai ɗura harsashi.

Wanda bai san harkar ba zai ce dattijon ne ya ruɗe. Ina dalilin ƙara wa abin da ba shi da inji nauyi? Amsar wannan tambaya ita ce kusan dukan ilimin tuƙa waɗannan ƙananan jirage a ranar iska.

Jirgin shawagi, wanda masu harkar ke ce wa gilaida, kullum gangarowa yake yi a cikin iskar da yake ciki. Ba ya daɗewa a sama sai ya sami iskar da ke hawa da saurin da ya fi na gangarowarsa. Wannan iska iri biyu ce. Akwai wadda ƙasa ke ɗumamawa da rana ta tashi sama, ita ce ungulu ke kewayawa a ciki ba tare da ta kaɗa fiffike ba. Akwai kuma wadda ta taho a guje ta ci karo da tudu, ta rasa hanya sai ta haye shi, ita ce shirwa ke jingina da ita a gefen dutse. Ta biyun nan ce abincin masu son iska. Da ita Orville Wright, ɗaya daga cikin 'yan'uwa biyun da suka fara tashi da jirgin sama mai inji, ya yi minti 9 da daƙiƙa 45 a sama ranar 24 ga Oktoba 1911 a tuddan yashi na Kill Devil Hills a Amurka, kuma sai da aka yi kusan shekara goma kafin Jamusawa su wuce shi a tsaunin Wasserkuppe. Masu ƙananan jirage sun gaji wannan hanya, shi ya sa za ka same su a bakin gaɓar Hanstholm a Denmak, ko Ivinghoe Beacon a Ingila, ko Torrey Pines a Kalifoniya, a ranakun da mai hankali ke zaune a ɗaki.

Abin da ke da wuyar shiga kai shi ne, jirgin da ke sama bai san ana iska ba. Ka ɗauki kwalekwale a kogi. Mai tuƙi yana iya ba shi wani gudu a kan ruwa, amma na bakin gaɓa abin da yake gani shi ne wannan gudu bayan an ɗebe na kogin. In kogin ya fi shi sauri, ko da hancinsa na kallon sama, baya zai yi ta tafiya. Mu ƙaddara jirgin sabon shigan nan ya fi jin daɗin tafiya a gudun mita 8 cikin daƙiƙa, kimanin kilomita 29 a awa. In iska ita ma mita 8 take yi, a wuri ɗaya zai tsaya. In ta kai 10, kowace daƙiƙa zai yi asarar mita 2. Zai iya sunkuyar da hanci ya ƙara gudu, amma fiffikensa mai kauri ne mai lanƙwasa, an zana shi don tafiyar sannu, da zarar an tilasta masa gudu sai turjiyar iska ta yi masa yawa ya riƙa zubowa kamar dutse.

Nan nauyi ke shigowa. Ƙarfin da fiffike ke ɗaga jirgi da shi yana tafiya ne da gudu sau gudu. Saboda haka in ka ninka nauyin jirgi sau biyu, gudun da ya dace da shi zai ƙaru da kimanin kashi 41 cikin ɗari, kuma abin mamakin shi ne tsawon da zai iya zuwa daga wani tsayi kusan bai canja ba. Mai tafiyar mita 15 gaba a kan kowace mita 1 ta gangarowa zai ci gaba da yin haka, sai dai cikin hanzari. Jirginmu na mita 8 ya zama na mita 11 da ɗoriya, ya fara cin iskar da a da take cinsa. Abin da aka biya shi ne gangarowarsa ta tashi daga kusan rabin mita a daƙiƙa zuwa kashi uku cikin huɗu na mita. A filin da babu iska wannan asara ce babba. A goshin tudu mai kyau kuwa, inda iska ke hawa da mita biyu ko uku a daƙiƙa, ko a jikinka. Ɗagawa ta yi araha, gudu ne ya yi tsada, to sai ka sayar da mai arahar ka sayi mai tsadar. Manyan jiragen shawagi masu ɗaukar mutum ma haka suke yi, ruwa suke cikawa a fikafikai ranar da sama ke da ƙarfi, su zubar kafin sauka.

Ma'aunin da ake magana da shi shi ne giram nawa ke kan kowane murabba'in fiffike mai santimita 10 tsawo 10 faɗi, wato kamar tafin hannu. Jiragen koyo irin Gentle Lady na kamfanin Carl Goldberg ba su kai giram 20 ba. A rukunin tseren gangare da ake kira F3F, hukumar wasannin sama ta duniya, FAI, mai hedikwata a Lausanne, ta yarda a kai har giram 75, in dai jirgin bai wuce kilo 5 ba. Tseren nan sawu goma ne, biyar zuwa biyar dawowa, tsakanin alamomi biyu masu nisan mita 100, kilomita guda ke nan, kuma doka ta ce a yi shi muddin iska na tsakanin mita 3 da mita 25 a daƙiƙa. Mita 25 kilomita 90 ne a awa, iskar da ke kwashe kwanon rufi. An yi gasar duniya ta farko a 2012 a tsibirin Rügen na Jamus. Jirgi ɗaya ne ake so ya yi aiki daga wancan ƙarshe zuwa wannan, shi ya sa suke zuwa da faɗin kusan mita 3 da nauyin kilo 2 da 'yan kai, ranar iska kuma a ɗura musu ƙarfe har su haura kilo 4.

To amma a nan ne masu gini da yawa ke kuskure, don sun ji an ce nauyi na da amfani sai su saki hannu da gam da fenti. Nauyin da ya shiga jikin jirgi a wurin gini ba ya fita, kuma galibi a mugun wuri yake zama: a jela, ko a ƙarshen fikafikai. Giram 10 na banza a jela sai ka biya shi da giram 30 ko 40 na dalma a hanci, sannan jirgin da nauyinsa ya watsu zuwa gefe-gefe yakan yi nawar amsa umarni, ya fara juyi da ƙyar, ya daina da ƙyar. Nauyin kirki shi ne wanda ke aljihunka, ka saka da hantsi ka cire da yamma. Ana yi masa bututu a cikin gangar jirgi ko a gindin fikafikai, daidai cibiyar nauyi, wato wurin da in ka ɗora jirgin a kan yatsu biyu zai tsaya bai rinjaya gaba ko baya ba. Tagulla aka fi amfani da ita, dalma ta fi ta nauyi, wani ƙarfe mai suna tangistin kuma ya fi duka, ya ninka tagulla sau biyu da ɗoriya, sai dai tsada. In ba a cika bututun ba dole a toshe ragowar da guntun katako, domin ƙarfen da ke yawo a ciki ya ishi jirgi halaka: yana juyawa ƙarfen ya zame baya, cibiya ta gusa, shi ke nan.

Akwai wata al'ada da ke ba ni haushi, ta liƙa dalma a hanci wai don iska. Ɗan kaɗan ba laifi, yana sa jirgi ya natsu. Amma in ta yi yawa sai ka ɗaga leɓen jela, wato ɗan faifan bayanta da rimot ke motsawa sama da ƙasa, don ka riƙe hancin, kuma jirgin da aka saita haka duk lokacin da gudunsa ya ƙaru sai ya ɗaga kai, alhali gudun nan shi kake nema. Gwajin ba wuya. Ka hau sama sosai, ka saita shi ya tafi lafiya, ka sunkuyar da shi kamar rabin hanyar tsaye, ka saki sandar rimot ɗin da kake tuƙi da ita. In ya zabura ya ɗago da sauri, hanci ya yi nauyi. In ya ƙara nutsewa da kansa, jela ce ta yi nauyi, maza ka kama shi. Wanda ake so shi ne mai ɗagowa sannu a hankali, ko ya ci gaba a kan layin da ka sa shi.

Nauyi kaɗai ba ya gama aiki in siffar fiffike ba ta ba da haɗin kai ba. In aka yanka fiffike a gicciye, siffar da ta bayyana ita ce sirrin, kuma kowace tana da suna. Tsohuwar Clark Y ta 1922, mai lebur a ƙasa, kaurinta ya kusa kashi 12 cikin ɗari na faɗin fiffiken. Tana da sauƙin ginawa a kan tebur, tana da haƙuri da sabon hannu, amma ba ta son gudu. RG15 ta Rolf Girsberger ba ta kai kashi 9 ba, lanƙwasarta kuma ƙasa da kashi 2, shi ya sa ta yi shekaru tana mulki a gangare. Ga MH32 ta Martin Hepperle, ga jerin HQ na Helmut Quabeck da aka zana musamman don a riƙa motsa leɓen baya, ga jerin AG na Mark Drela, malami a jami'ar MIT, masu sirantaka ƙwarai. Dabarar zamani ita ce a ɗauki siririn fiffike a bar matuƙi ya canja masa hali daga rimot. Ya sauke leɓen baya milimita biyu ko uku, ya zama mai shawagi. Ya ɗaga shi milimita ɗaya ko biyu, ya zama mai tsaga iska. Abin da ka saka da ƙarfe sai ka sauka za ka cire, wannan kuwa da ɗan yatsa ne.

Sai maganar sarrafawa. Jiragen koyo fikafikansu a karye suke zuwa sama kamar kwarya, da jela kawai ake juya su, kuma in an sake su da kansu suke daidaita. Wannan halin kirki shi ne ke zama aibi a cikin iska mai bugu, domin duk bugun da ya zo ta gefe sai ya kama karyayyen fiffiken ya kifar da jirgin, kai kuma ka tura jela ka jira ta amsa. A kusa da ƙasa babu lokacin jira. Jirgin iska miƙaƙƙen fiffike yake so, da leɓɓa a bayan kowane fiffike waɗanda ke karkata shi nan take.

Tun ran gini tun ran zane. Jirgi mai kilo 4 in ya yi juyi mai tsanani, abin da ke kan fikafikansa kan ninka nauyinsa sau goma, kusan buhun siminti ke nan a kan abin da kaurinsa bai kai na yatsu biyu ba. Lanƙwasuwa ƙashin fiffike ne ke tare ta: zaren kabon (wani baƙin zare mai ƙarfi marar nauyi da ake daskarar da shi da gam) a sama, zaren kabon a ƙasa, da cikon da ke haɗa su tsam don kada su zame wa juna. Murɗewa ta fi haɗari, kuma maganinta a fata yake, shi ya sa ake shimfiɗa ƙyallen kabon ko na zaren gilas a karkace, zarensa na gicciye da tsawon fiffike. Fiffiken da ke murɗewa, ko leɓen da ke da lako-lako, wata rana a tsakiyar gudu zai kama kakkarwa. Za ka ji ƙara kamar an yaga atamfa, daƙiƙa ɗaya ko biyu, sai ka ga gutsattsari na saukowa. Kafin a yi wurgi, ka kunna rimot, ka kama bakin leɓen da yatsu biyu ka motsa shi sama da ƙasa. In ka ji ɗan ƙwas-ƙwas, ka bi sawu: ko ramin da sandar turawa ta shiga ya buɗe, ko haƙoran ɗan injin da ke motsa leɓen, wanda ake kira sarbo, sun cinye, ko gam ɗin da ya riƙe shi ya saki. Sarbo mai haƙoran ƙarfe da gajeriyar sanda miƙaƙƙiya sun fi kowane ado amfani. Wani abu kuma da ake mantawa: kabon yana tare saƙon rediyon da rimot ke aika wa jirgi, don haka in hancin jirgi na kabon ne dole eriya ta leƙo waje, guda biyu, kowace ta kalli nata gefen.

Wanne za a saya? Ra'ayina a nan ba ya yi wa masu sayar da kaya daɗi. Jiragen tseren nan da ake zubawa a ma'aikatun Cek da Sulobakiya da Jamus da Yukiren kyawawa ne, kuma farashinsu ya haura Yuro dubu kafin a sa musu kayan ciki, amma saukar farko a kan duwatsu na iya gamawa da su. Wanda zai fara, ya nemi jirgin da fiffike ne zalla babu jela, na soson roba mai suna EPP, irin Zagi da ya yi tashe a Amurka tun shekarun 1990, faɗinsa kimanin mita 1.2. Sarbo biyu kawai yake ci, ana naɗe shi da salatif mai zare, ya daki dutse ya yi tsalle, ka karkaɗe shi ka sake wurgawa. Aibinsa ɗaya, ba ya wasa da cibiyar nauyi, milimita biyu ko uku na canja masa hali. In hannu ya faɗa sai a koma na mita ɗaya da rabi mai jela da bututun nauyi. Gaskiya ne babban jirgi ya fi ƙarami iya tashi, domin iska ta fi bin faffaɗan fiffike mai gudu lami lafiya, kuma bugu bai cika girgiza shi ba. Amma iya tashi daban, iya jure koyo daban.

Mai tashi a fili, ba tudu, nasa lissafin ya ɗan bambanta. Iskar zafin da yake hawa tana tafiya da iska, yana kewayawa tana nisanta shi da gida, kuma dawowar ce jarrabawa. Ko 'yan ƙananan jiragen F3K da ake wurgawa ta ƙarshen fiffike, waɗanda doka ta ƙayyade wa faɗin mita 1.5, akan sa musu 'yan giram gommai don su iya komowa. In kana dawowa ka ga kana nutsewa, zuciya za ta ce ka ja sanda ka ɗaga hanci. Turawa ake yi, a sunkuyar da hanci a ƙara gudu.

Bashin nauyi a wurin sauka ake biyansa. Nauyi ya ninku biyu, gudu sau gudu ya ninku biyu, ƙarfin da zai daki ƙasa da shi ya ninku huɗu. Shi ya sa manyan jiragen ke da birki: leɓɓan ciki su sauka ƙasa sosai, na waje su ɗaga sama, jirgin ya sauko a tsaye kamar hankaka zai dira. Sai dai a rufe su kafin ciki ya taɓa ƙasa, in ba haka ba ciyawa ta kama leɓe ta kakkarya haƙoran sarbo. Juyi kuma kullum a yi shi ana ba tudu baya. Jirgin da ya bi iska za ka gan shi kamar kibiya, ka tsorata ka ja sanda, alhali a wurinsa gudun bai ƙaru ba, sai fiffike ya saki ya faɗo. Bayan goshin tudu kuma akwai inda iska ke murɗawa ta dawo, kamar yadda ruwa ke yi a bayan dutse a rafi. Ka taka ka je can kafin ka tashi, ka watsa ƙasa ko busasshiyar ciyawa ka ga inda ta nufa.

Wannan bayan tudu da kowa ke tsoro shi ne wasu suka mayar gona. Tun 1883 masanin kimiyya na Ingila Lord Rayleigh ya bayyana yadda tsuntsu zai iya samun ƙarfi ta hanyar ratsa iyaka tsakanin iska mai gudu da marar gudu, abin da tsuntsun teku albatiros ke yi. A shekarun 1990 wani gwanin tuƙa waɗannan jirage, Joe Wurts, ya nuna ana iya yin haka da jirgin rimot a tsaunin Parker na Kalifoniya. A bayan tsauni mai kaifin baki iskar ƙasa kwance take, ta sama kuma na gudu. Jirgi ya riƙa zagaye yana kutsawa cikin ta sama da hanci, ya juyo da ita, ya nutsa cikin ta ƙasa, kowane zagaye da ribarsa. A wannan tsauni ne, ranar 19 ga Janairu 2021, Spencer Lisenby ya kai jirginsa Transonic DP, mai faɗin mita 3.3, gudun kilomita 882 a awa, aka auna da na'urar rada. Gudun jirgin fasinja ke nan, babu inji, babu mai, babu farfela. Duk abin da muka faɗa, nauyi, sirantaka, ƙarfin fata, rashin lako-lako, a can ake kai shi maƙura.

Wanda ke ƙasar Hausa ya ji abin ya burge shi, iska dai akwai. Ta hunturu daga arewa maso gabas take zuwa ba ta cika sauya hanya ba, da hantsi kuma ta fi ƙarfi. Matsalar tana ga siffar duwatsun. Irin su Kufena da Kwatarkwashi a tsaye suke su kaɗai, iska kan raba ta bi gefe maimakon ta haye, Dala kuma gidaje sun kewaye ta, ba wurin wurga ƙarfe mai kilo biyu ba ne. Doguwar gaɓa mai santsi da ke fuskantar iska ake nema, ko da tsayinta bai wuce mita 20 ba. A tudun Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, iska ta fi siranta, jirgi zai ɗan ƙara gudu kamar an sa masa nauyi kyauta. A Najeriya tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ta ce sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro ake tashin jirage marasa matuƙi, kuma a halin da ake ciki ba a wasa da wannan. Sai rana: baƙin kabon in ya sha zafi gam ɗinsa kan yi laushi fiffike ya karkace, don haka a yi wa saman fenti fari, ƙasan a sa launi mai duhu saboda hazo, tsakanin tashi da tashi kuma a tura jirgin ƙarƙashin mota ko a rufa masa farin ƙyalle.